Layukan Yayana a Gurup ɗin Gida

Bayan rasuwar yayana da wata biyu na je Dumega gaida Inna. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun tasowarmu ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Ina shirin komawa Dogon Dutsi, tana tsince wake a faifai, ta ce, "Abin da wancan yake rubutawa cikin wayarku, shina nan?"

Na ce yana nan. Ta ce in tattaro mata in karanta mata, tunda ita ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko.

Gurup ɗin gidanmu kasuwa ne. Mutum wajen arba'in, kowa da barka da Juma'arsa da hoton jaririnsa, ga wani kawunmu da ba ya gajiya da turo maganin basir. Na fitar da hirar duka ta zama fayil guda, na buɗe ta a manhajar rubutu a kwamfutar ofis lokacin hutun rana. Sakatariya ce ni, kuma ina taƙama da wani abu da na koya da kaina, wanda ake kira regex. Maimakon ka nemi kalma, sai ka ba na'ura siffar layin da kake so. Na ce mata: layin da ya fara da kwanan wata, sai lokaci, sai "Yaya", sunan da na ajiye lambarsa da shi, sai duk abin da ya biyo baya. Na danna, ta yi wa layukansa alama, na kwashe su gaba ɗaya zuwa sabon shafi. Ko minti biyar ban yi ba, har na ji kaina ya ɗan kumbura.

Sai da na fara karantawa jikina ya yi sanyi. Yaya fataucin wake yake yi tsakanin nan da Kebbi, maganarsa gajera ce kamar ta mai sauri. Amin. Mun sauka lafiya. An yi ruwa a Matankari? Can ƙarshe kuma ga faɗanmu. Da Baba ya rasu, Yaya ya ƙi zuwa sadakar arba'in, ya ce ba ta da asali a addini. Ni kuwa bakina ba ya da linzami, na rubuta masa a gaban kowa cewa karatun da ya hana mutum zama kusa da uwarsa ranar kuka ba karatu ba ne. Ya amsa da layi ɗaya mai zafi. Na kashe ƙarar gurup, na daina leƙawa sai jefi-jefi. Wannan layin ne na ƙarshe a shafina.

Na cire faɗan, na buga sauran a takarda, na kai wa Inna ranar Asabar. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ba shi ke nan ba."

Na ce, ina nufin kwamfutar, "Inna, ordinatar ba ta tsallake ko ɗaya."

Ta ce, "To ta tsallake. Da ya kira ni daga Najeriya, kahin ciwon ya kada shi, ya ce ya rubuta miki magana. Ita nika son ji."

Na so in yi gardama, sai na tuna abin da duk ɗan Arewa ya sani. Wanda ke tsallaka iyaka layin waya biyu yake riƙewa, na nan da na can. Lambarsa ta Najeriya ban taɓa ajiye ta ba, don haka a fayil ɗin ba ta fito da "Yaya" ba, lamba ce tsirara. Na'ura ba ta yi kuskure ba. Abin da na siffanta mata shi ta kawo, ni ce na siffanta rabin mutum.

Ranar Litinin na sake nema, wannan karon duk layin da lambar mai shi ta fara da +234 na Najeriya. Lambobi uku suka fito, biyu na 'yan uwanmu na Sakkwato ne. Ta ukun layi bakwai kawai gare ta. Na shida ya ce: "Ƙanwata, na yi zahi, ki yahe mini. In na dawo zan biyo ta Dutsi, ki kwaɗa mini zogale, kopto irin na Inna." Na bakwai, bayan kwana biyu, ya ce: "Kin gani?"

Na daɗe zaune ina kallon su. Kunya ta fi baƙin cikin yawa, don na san na taɓa wuce lambar nan da yatsa, ina cewa wani ne cikin masu barka da Juma'a.

Da na karanta wa Inna, ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin zane. Sai ta ce, "Ke kuma mi kika ce mishi?"

Na riga na duba tun a ofis. Na nemi layukana duka daga ranar da ya rubuta har ranar da aka kawo gawarsa, manhajar ta nuna sifiri.

Na ce, "Ban ce komai ba, Inna."