Abokin Musun Baba Tobiya

Shagon Baba Tobiya yana unguwar Majidaɗi, tsakanin wani mai injin niƙa da wata mai sayar da atamfa, kuma bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinsa ba. Gyaran keken ɗinki yake yi. Ɗan ƙabilar Mumuye ne daga wajen Zing, ya shigo Jalingo shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba, da akwatin kayan aiki ɗaya da matarsa Mabel. Mabel ta rasu shekara tara ke nan. 'Yarsu Hope tana aure a unguwar Nukkai, takan leƙo shi ranar Lahadi in an tashi daga coci. Teloli sun san shi da kunne. Kafin ya kwance keke sai ya sa a taka masa sau uku, ya saurara, sannan ya faɗi inda ciwon yake.

Sauran mutanen gari kuwa da murya suka san shi. Akwai wani shiri da ake yi a rediyo da ƙarfe bakwai da rabi na safe, Litinin zuwa Juma'a, inda wata mai gabatarwa, Ikilima, take kawo batu ɗaya, siyasa ko ƙwallo ko harkar fim, ta buɗe layi kowa ya faɗi ra'ayinsa. Bayan rasuwar Mabel, Baba Tobiya ya fara kunna shirin ne kawai don kada shagon ya yi tsit. Wata safiya wani ya kira ya ce shi ne Hammanjoda mai awon hatsi daga Mutum Biyu, kuma a ganinsa ƙungiyar ƙwallon Najeriya ba za ta gyaru ba sai an ɗauko mata koci Bature. Baba Tobiya ya ajiye sukundireba. Bai taɓa kiran gidan rediyo ba a rayuwarsa, amma ranar ya kira, ya ce a tambayi mai awo ko mudunsa ma daga Turai aka kawo masa.

Washegari Hammanjoda ya rama. Ya ce a gaya wa mai gyaran keke ƙasa ba keken ɗinki ba ce da za a ɗiga mata mai ta tashi. Daga nan aka ɗora, shekara takwas.

Sun yi musu a kan sauya takardun Naira, sun yi a kan cire tallafin mai, sun yi sati guda suna jan maganar wasan ƙarshen kofin Afirka da Najeriya ta sha kashi a hannun Kwaddibuwa. Har fina-finai masu dogon zango, waɗanda babu ɗayansu da ke kallo, sai da suka raba gari a kansu. Masu shayi da direbobin Keke Napep sun saba, in aka ji muryar ɗaya sai a ƙara sauti a jira ɗayan. Ba su taɓa haɗuwa ba, ko lambar juna ba su da ita.

Akwai abin da masu sauraro ba su sani ba. Ikilima takan sanar da batun gobe a ƙarshen shirin yau, shi kuma Baba Tobiya ba ya iya sanin inda Hammanjoda zai faɗa. Saboda haka in aiki ya lafa da rana sai ya yago kwalin sabulu gida biyu, ya rubuta hujjojin goyon baya a ɗaya, na adawa a ɗaya. Da safe ba ya taɓa wayarsa sai Hammanjoda ya gama. In mai awo ya ce e, sai ya ɗauki kwalin a'a. In ya ce a'a, ya ɗauki na e. Ɗaya kwalin kuma ya goge man keke da shi.

A farkon daminar bara Hammanjoda ya daina kira. Ranar farko Baba Tobiya ya ce matsalar sabis ce. Ya zauna da kwalayensa biyu har aka rufe layi. Haka rana ta biyu da ta uku. A sati na biyu ya daure ya kira, Ikilima ta yi masa maraba ta ce to Baba, yau fili naka ne kai kaɗai, mene ne ra'ayinka. Ya dubi kwalin dama, ya dubi na hagu, duk rubutunsa ne, duk kuma suna da ma'ana. Ya yi ta in-ina, daga ƙarshe ya tambaye ta ko ta ji labarin mutumin Mutum Biyu. Ta ce su ma sun gwada lambar, a kashe take. Wani mai kira ya ce ai mai awo ya gudu ne, ya ga ba riba. Aka yi dariya a rediyo. Baba Tobiya ya kashe tasa.

Ya ci gaba da yago kwali kullum, don hannunsa ya saba. Abinci ya rage masa daɗi. Wani tela ya dawo da keke sau biyu yana cewa har yanzu yana tsallake zare, abin da bai taɓa faruwa ba. Da Hope ta matsa masa ya gaya mata, sai ta ce, "Baba, mutumin da ko fuskarsa ba ka sani ba?" Ya ce ya sani. Ya ce tun da uwarta ta tafi babu wanda yake jiran ya yi magana da safe sai wannan mutumin, kuma yana so ya san ko yana raye. Ranar Asabar Hope ce ta raka shi tasha.

A kasuwar Mutum Biyu ya nufi layin 'yan hatsi. Wani mai awo, Maishanu, ya ji tambayarsa ya tsaya da mudu a hannu, ya ce anya ba kai ne na Majidaɗi ba. Ya bar rumfarsa ya kai shi har ƙofar gidan, a hanya yake gaya masa hawan jini ne ya kayar da Hammanjoda a bakin buhunansa, ɓarin dama ya shanye, magana ma ta tafi.

Matarsa Zulai ce ta fito. Ta ce tun daga sallamar ta gane shi, shekara takwas tana dama kunu da muryarsa a tsakar gida. Ta shigar da shi.

A ransa ya daɗe yana ganin wani ƙato mai faɗin ƙirji. Wanda ya tarar ɗan siriri ne, fari, gemunsa ya yi furfura, yana kwance da ƙaramar rediyo kusa da kunnensa na hagu. Zulai ta yi masa magana da Fulatanci, idonsa ya juyo ya tsaya a kan baƙon, ya daɗe bai ɗauke ba. Baba Tobiya ya zauna a kujera 'yar tsugunno, ya yi masa sannu, ya yi masa fatan sauƙi. Daga nan sai ya yi abin da ake yi wa marar lafiya. Ya ce maganar koci, Malam Hammanjoda, kai ne da gaskiya. Ya ce ta tallafin mai ma ya sake tunani, ya ga hujjarsa ta fi. Ya bi musunsu ɗaya bayan ɗaya yana sallamawa cikin murya mai taushi.

Hammanjoda ya saurara har wani wuri. Sannan a hankali, da ƙyar, ya juyar da fuskarsa bango.

Zulai ta yafito baƙon waje. A gindin randa ta gaya masa, tana murɗa bakin mayafinta, cewa tun da mijinta ya kwanta kowa ya shigo sai ya ce masa haka ne Malam. 'Ya'yansa, abokan kasuwa, har mai yi masa allura. Ko ƙara ya yi ba a gane ba, sai a ce haka ne.

"Babu wanda ya musa masa ko sau ɗaya," in ji ta. "Kullum sai na kunna masa shirin nan. Ranar da ka kira kana lalube, ko kunu bai sha ba. Kai ma ka zo ka ce masa haka ne?"

Baba Tobiya ya share fuskarsa da hularsa, ya koma ɗakin, wannan karon bai zauna ba.

"Mai awo," ya ce, "duk abin da na faɗa ɗazu na janye. Tausayinka na ji, kuma ban ga abin tausayi ba, mutum ya samu gado ya kwanta ya bar mini rediyo. Kocinka Bature me ya ci mana?"

Kafaɗar da ke da rai ta motsa. Fuskar ta juyo.

Baba Tobiya ya tuna masa batun ranar Litinin, wanda Ikilima ta sanar jiya: ko ya dace a riƙa ɗauko yaran da aka haifa a Turai su buga wa Najeriya. Ya ce in ya yarda ya bugi katifa sau ɗaya, in bai yarda ba sau biyu. Hannun hagu ya ɗaga ya sauka sau ɗaya, da ƙarfi har rediyon ta girgiza. Baba Tobiya ya ce dama ya sani, amma yaron da bai taɓa buga ƙwallo babu takalmi ba me zai sani. Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Hammanjoda, ba kalma ba ce, amma Zulai da ke bakin ƙofa ta rufe bakinta da mayafi.

Kafin ya tafi suka shirya da ita. Kowace safiya za ta tambayi mijinta, ta yi wa Baba Tobiya filashin, sau ɗaya e, sau biyu a'a. Ta cusa masa ƙullin gyaɗa a jaka duk da ya ce a bari.

Ranar Litinin, bakwai da kwata, wayarsa ta yi ƙara sau ɗaya ta yanke. Ya jira ko ta biyu za ta biyo, ba ta biyo ba. Da aka buɗe layi ya kira, aka ce ana amfani da shi. Ya sake, ya sake, yana jin baƙin muryoyi suna shiga ɗaya bayan ɗaya, yana tunanin ɗakin nan na Mutum Biyu da kunnen da ke jira. Bai samu shiga ba har aka rufe. Ya kira Zulai ya ce ta kara wa mai awo wayar a kunne, ya tsaya a ƙofar shago, injin niƙa yana ruri a gefensa, ya faɗa masa duk abin da ya shirya faɗa wa gari.