Tabon da Aka Goge wa Baba

A Kalgo akwai wani mai hoto da kowa ke yabo. Ni ma na yabe shi, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka. Yanzu in na hango allon shagonsa daga cikin mota, kau da kai nake yi.

Hoton babanmu guda ɗaya ne tak a duniya. Ɗan ƙarami ne irin na fasfo, wani tsoho ya ɗauke shi a bakin kasuwar Gwandu lokacin da aka buƙaci hotunan manoma don rabon taki. Tsohon ba shi da shago, sai benci da jan ƙyalle da yake ratayawa a bango. Mutane suna ƙorafin yana ɓata musu lokaci, don ba ya ɗauka sai ya ja ka da hira har ka manta abin da ya kawo ka. Baba ya ce tambayarsa ya yi ta yi game da bijimin da ya soke shi a gira, yana tsakiyar labari ya ji ƙyas. Shi ya sa a hoton bakinsa a ɗan buɗe yake, girar mai tabo ta ɗaga, tsagen kumatunsa sun fito raɗau. Duk wanda ya kalla sai ya ce yanzu zai yi magana. Aikin da nake girmamawa ke nan.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta ajiye hoton cikin littafin addu'o'inta. Ni ce uwar iyayi. Na ga hotunan amaren da mutumin Kalgo ke yi suna yawo a waya, kowace tana ƙyalli, na ce sai an faɗaɗa na Baba an sa a gilashi. Inna ba ta so ba. Da na dame ta, ta miƙo min ta ce, "Ki maido min shi yadda kika amshe shi."

Da na kai wa mai hoton Kalgo, ya karɓa da yatsu biyu kamar na ba shi abin ƙyama. "Hajiya, bar min shi sati guda, za ki ga aiki."

Na kuwa ga aiki. Ya jingina min katafaren gilashi a kan teburi. A ciki wani mutum ne fari sol, fuska sumul, baki a rufe, sanye da babbar riga mai aiki wadda Baba bai taɓa sa irinta ba, ga furanni a bayansa.

Na ce, "Malam, ina tsagen? Ina tabon?"

"Duk na share su, Hajiya. Mamaci ai kyautata mishi aka yi."

"Ba ni ƙaramin."

Ya jawo aljihun teburi, ya ɗaga takardu biyu, ya ce an share shagon shekaranjiya. Na ce to a na'urarsa fa? Ya ce gyararren ya hau kan na farko. Wallahi murmushi yake yi da ya ce, "Wanga ai ya hi wancan." Na faɗa masa maganganun da ban san na iya su ba, har masu shagon kusa suka leƙo. Bai fahimci laifinsa ba, kuma na tabbata har gobe bai fahimta ba. Shi a ganinsa fuskar mutum ƙazanta ce da ake wankewa.

Na rungumo gilashin a mota har Gwandu. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga wa na?" Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi. Na nemi tsohon bakin kasuwa, aka ce ya daɗe da rasuwa, kayan aikinsa ma ba wanda ya san inda suke.

Gilashin yana bayan akwatina, fuskarsa na kallon bango, amma na riga na kalle shi fiye da kima. Kwanan baya ina ba wa wata maƙwabciya labarin bijimin, na taɓa girata ta dama. Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Hagu na." Da za a ba ni Alƙur'ani a lokacin, da na rantse dama ce.