Kunnuwa Shida a Lodin Dabo

Dabo mutumin Batagarawa ne. Yana da shekara goma sha tara ya shigo birnin Katsina da jakin mahaifinsa da kayan itace. Jakin ya koma gida, shi bai koma ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana lodi a tashar manyan motoci, har direbobi na cewa in Dabo ya ɗaure kaya, ko mota ta kife tare za su kife. Tuƙi ma a nan ya koya, daga gyara fakin har aka soma ba shi sitiyari a doguwar tafiya. Lasin ne kawai ba shi da shi, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa.

A 1975 kuɗin mai ya iso gari. Kowa na gini, siminti ya fi gero daraja. Alhaji Babaji, wani ɗan kwangila a Kambarawa, ya sayi sabbin motoci uku alhali direba biyu gare shi. Ya aika aka kira Dabo.

"Litinin ta sama mota za ta tahi Zariya da gyaɗa, ta dawo da siminti," in ji shi. "Ka kawo lasin, taka ce. In ba ka kawo ba, akwai Bakanon da ya kusa tarewa ƙofar gidana."

Saura kwana goma sha ɗaya. Gwajin tuƙi bai dami Dabo ba. Abin da ya tsaya masa shi ne ashe ɗaurin kaya ma littafi gare shi, da Turanci, kuma sai an tambaya. Maƙwabcinsa a Ƙofar Sauri, Shehu akawu, wanda ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba, shi ya zama malaminsa. Kullum bayan la'asar Shehu na fassara a zaure, Dabo na biyawa yana rausaya kamar mai hadda.

"Kaya mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama."

"To da ina za a sa shi?"

"Kai dai biya. Abin da ya zarce bodi a ɗaura mashi jan ƙyalle. In an yi 'yan mila kaɗan a tsaya a duba igiya. Ba a ɗaukar mutum bisa kaya."

Dabo ya ɗago kai. "Mutanen ƙauye fa? Da mi za su zo kasuwa?"

"Littafi bai ce ba."

Matarsa Sabuwa tana jin su ta bayan katanga. Da ta aiko da fura ta ɗaga murya ta ce a gaida Malam Shehu, Allah ya saka, ya koya wa maigidanta abin da yake ci da su tun kafin a yaye Shehun.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi gwajin. Mai jarrabawar, Malam Ado, saurayi ne da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da sabon takalmi mai tudu, irin wanda ake yayi a lokacin. Tuƙi ya tafi lafiya. Dokoki kuwa Dabo ya zubo su ba gargada, har ta ƙarshe, wadda ya faɗa da ƙarfi don a san ya yarda. Sai aka nuna masa tsohuwar mota da buhunan yashi da tamfol, aka ce bismilla.

Nan ya manta da littafi. Ya jera, ya rufe, ya ja igiya yana take ta da ƙafa, ya ƙulle, ya kaɗa kowace da yatsa ya saurari ƙararta. Masu jiran layi suka zuba masa ido.

Malam Ado ya hau sama dubawa. Can ya tsaya.

"Malam Dabo, waɗannan fa?"

A saman lodin, uku dama uku hagu, igiyar ta yi madauki daidai shigar hannu. 'Yan tasha na kiransu kunnuwa, nan fasinjan saman kaya ke riƙewa. Shekara ashirin da biyu Dabo bai taɓa ɗaure mota ba kunne ba, yau ma hannunsa ya yi su bai shawarce shi ba.

"Ranka ya daɗe, ado ne."

"Ado? Yanzu-yanzu ka gama gaya mini ba a ɗaukar mutum."

A ransa Dabo ya ga sabuwar motar ta bi Bakano. Malam Ado ya zaro biro, ya ja da baya don ya ƙirga su da kyau. Takalmi mai tudu ya hau santsin tamfol. Biro ya yi ƙasa, takarda ta bi shi, shi kuwa sai ga shi yana reto a gefen mota, hannunsa na dama cikin kunne na shida. Ba wanda ya yi dariya sai da aka sauko da shi.

Ya kakkaɓe wando, ya karɓi bironsa.

"Ka san wannan ya saɓa doka."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kwance su."

Dabo ya kwance biyar. Na shidan nauyin Malam Ado ya zarge shi, ya ƙi kwantuwa.

"A kawo wuƙa?" in ji Dabo.

Malam Ado ya dubi igiyar, ya dubi jan shatin da ta bar masa a tsintsiyar hannu. Ya ce igiyar gwamnati ce, ba a yanka ta. Ya sa hannu a takarda.

Ranar Litinin Dabo ya fita da gyaɗar Alhaji Babaji, da jan ƙyalle a baya ko da yake ba abin da ya zarce bodi. Da ya kai Batagarawa ya tsaya duba igiya, kamar yadda littafi ya ce. Kafin ya gama zagayawa mutum shida sun hau. Shekara goma sha huɗu ya yi da motar nan, bai taɓa tsallake wannan dubawar ba.