Sodangi Tela da Mutanen Kurmau

Sodangi tela ne a kasuwar Bodinga, mutum ne marar yawan magana, amma in ya fara ba da labari sai an manta da cinikin da aka zo yi. A shekarar 1983 yadi ya yi wuya, ruwa bai wadata ba, ɗinki ya tsaya. Abin da bai tsaya ba shi ne likkafani, shi kuwa ba ya karɓar ladan ɗinkinsa.

A wannan zaman kashe wando ne Malam Yahaya, wani malamin firamare daga Shagari, ya kawo wa Sodangi da abokan hirarsa wasan da ya koyo a kwaleji: mutum ɗaya ya ƙago ƙasa, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani a cikinta, a riƙa jefa ƙwallon dabino don a ga wanda ya yi nasara. Sodangi ya zama mai ƙagowa. Yahaya ya ɗauki jarumi, Altine mai albasa daga Danchadi ya ɗauki maharbi.

Wata ranar kasuwa bayan azahar, Sodangi ya kai su wani gari na almara inda ake bauta wa gunkin mutuwa. Ya sa wa gunkin suna Kurmau, don ba ya jin roƙo.

Altine ya ce, "To mu ƙone garin. Mi za mu yi da masu bautar mutuwa?"

Sodangi ya ce, "Allah ɗaya na, wanga labari na kawai. Amma ku shiga ku gani tukun."

Da suka shiga, ba su tarar da mayu ko masu yanka mutane ba. Sodangi ya nuna musu masu haƙa kabari da tsofaffi mata masu zama wurin majinyacin da kowa ya guda. Jarumin Yahaya ya tambayi wata tsohuwa abin da suke nema wurin Kurmau.

Sodangi ya sauya murya ya amsa a bakinta: "Ba mu neman komi. Shi ɗauka yake shi wuce. Mu munka tsaya da waɗanda ya bari."

Altine ya tashi ya tafi bai yi sallama ba. Watanni huɗu ke nan da rasuwar matarsa Hajjo, kuma Sodangi ya san haka. Ya yi ta zargin kansa, har ya yi niyyar barin wasan.

Bayan kasuwa biyu Altine ya dawo, ya zauna a kan benci, ya ce ya gaji da maharbi, a ba shi mai haƙa kabari na garin nan. Haka ya riƙe shi har damina ta faɗi, kowa ya koma gona.

Aka mayar da Yahaya makarantar Lambara, wasan ya mutu. Sodangi ya ci gaba da ɗinki har idonsa ya raunana, sannan ya sayar da keken ɗinkin ya koma kiwon awaki a bayan gidansa.