Arlo Haugen da Abin da Ya Rage na Garin Ostrem

Da gari ya waye, kafin iska ta tashi, Arlo Haugen kan daddafa ya hau tsohuwar akori-kurarsa, ya bi hanyar tsakuwa zuwa cocin Ostrem. Ya buɗe ƙofa, ya duba inda rufi ke yoyo, ya share kashin tantabaru, sannan ya fita makabarta da injin yankan ciyawa. Ba wanda ya sa shi wannan aiki. Mai yin aikin a da ne ya rasu, ciyawa ta haɗiye kabarin mahaifiyar Arlo. Da ya yanke, sai ya ji kunyar tsayawa a nan, ya zarce zuwa na maƙwabta. Tun gashinsa yana baƙi yake wannan aiki.

A kan idonsa Ostrem ta yi ta zubewa. Jirgin ƙasa ya daina tsayawa. Aka rufe makaranta, aka rufe gidan waya, matasa suka sayar da gonaki suka yi birni. Ranar da aka zo rushe dogon rumbun alkama na bakin layin dogo, wanda in ka hango shi daga nesa ka san ka iso gida, Arlo ya yi magiya har muryarsa ta dishe. Bai yi nasara ba. Da ƙura ta lafa, ya shiga tarkacen ya jawo katakon da ke ɗauke da sunan garin, ya kafa a bakin hanya.

"Kai tsoho, wa zai karanta? Barewa?" in ji Verna Pletz, mai shagon kofi ɗaya tilo da ya rage.

"Ko barewar ce, gara ta san inda take," in ji shi.

Verna ce shaidar abin da ya faru a shekarar fari. Wutar daji ta taso daga yamma, iska na kora ta. Tarakta ɗaya gare shi, lokaci kuma bai isa ya kare wuri biyu ba: ga harawar da shanunsa za su ci da hunturu, ga coci da makabarta. Ya ɗaura garma ya yi ta zagaya cocin da makabartar yana kifa ƙasa, hayaƙi na shaƙe shi. Wutar ta iso bakin huɗar, ta rabu biyu ta wuce. Harawarsa ta ƙone ƙurmus. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka sai da ya sayar da rabin shanunsa.

"Yanzu matattu ne za su ciyar da kai?" Verna ta tambaye shi tana zuba masa kofi, idanunta jajur.

"Ai su ne ba sa iya gudu, Verna."

Kai ne bangon da garin nan ya jingina da shi bai sani ba, Arlo. Kai ne wanda baƙo mai neman kabarin kakansa ke tararwa, ka ajiye aikinka ka raka shi, ka faɗa masa inda gonarsu take da.

Yanzu gwiwa ta ƙi. 'Yarsa Corliss ta zo tafiya da shi birni. A liyafar sallama, bayan an ci an sha, ya ajiye mabuɗin cocin a kan tebur. Kowa ya sunkuyar da kai. Duk tsofaffi ne, kowa da ciwonsa.

"Baba, tashi mu tafi, hanya da nisa," in ji Corliss.

Bai motsa ba. Can sai Verna ta ja tsaki, ta miƙa hannu ta ɗauka.

"Shara zan iya," ta ce. "Amma kada wanda ya ce in hau tsani."

Sai a lokacin ya dafa sanda ya miƙe.

Mun gode, Arlo. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya hutar da kai. Ku kuma 'ya'yan Ostrem da ke warwatse a birane, ku sani wadda ta ɗauki mabuɗin nan ta girmi wanda ya ajiye shi. Ku zo da ƙafafunku ku karɓe ta. Kada ku bari sai ranar da za a kawo ku a kwance.