Keken Hafiza a Ƙofar Ɗakin Zane

Hafiza tana da shekara uku lokacin da gubar dalma ta shiga Sunke. A shekarun nan maza kan kawo dutsen zinari gida, mata su daka shi a turmi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke wasa. Mahaifiyarta, Habsu, ta binne 'ya'ya biyu a damina ɗaya. Hafiza ta yi kwana huɗu tana jijjiga, aka kai ta asibiti, ta rayu. Ƙafafun ne ba su sake ɗaukarta ba.

Shekara goma sha biyu Habsu tana goyonta: zuwa karatu, zuwa gidan suna, zuwa bayan gida. Da yarinyar ta yi tsawo, sai ƙafafunta suka riƙa jan ƙasa, mutane na kallo. A zaunen nan ta koyi saƙar faifai wurin kakarta, kuma ba a daɗe ba ta wuce kakar. Ita ke rina kabarta da kanta, ja da shuɗi, kuma ba ta maimaita ado ɗaya sau biyu.

Tana da shekara goma sha biyar wani mai walda a Gummi ya haɗa mata keken guragu, mai ƙafa uku, wanda ake murzawa da hannu. Ranar da ta fara zagaya gari a kansa ta dawo ta ce wa uwarta, “Inna, daga yau ba goyo, ba rarrafe gaban mutane. In keke bai shiga wuri ba, ni ma ban shiga.” Habsu ta ɗauka zafin ƙuruciya ne. Shekara huɗu ke nan, Hafiza ba ta saɓa ba ko sau ɗaya.

Bara wata malamar zane a Anka, Malama Safiya, ta haɗa kai da wasu abokan aikinta suka gyara wani tsohon sito, suka mai da shi ɗakin nuna zane da kayan sana'ar hannu. Ta ga faya-fayan Hafiza a kasuwa, ta bi sawu har ta gano mai su, ta karɓi guda bakwai don a rataye a bango. Ta aika a gaya wa Hafiza ta zo ranar buɗewa. Hafiza ta mayar da tambaya ɗaya: keke na shiga? Amsa ta dawo cewa an yi wa guragu hanya ta musamman.

Malama ba ƙarya ta yi ba. An ɗaga ginin sosai tun asali saboda danshi, matakala biyar ce kafin ƙofa, don haka ta kira Maharazu magini ta ce a yi gangara saboda masu keken guragu. Maharazu ya yi shekara talatin yana zuba gangara a ƙofofin gidajen Anka, kuma iri ɗaya ya sani: siririn tudun siminti a tsakiyar matakala, faɗin taƙi ɗaya da rabi, wanda maigida ke tura mashin a kai ya shigar da shi zaure. Ita ya zuba, ya goge ta sumul. Malama ta zo ta duba, ta ga gangara irin wadda ta saba gani a ƙofar gidansu, ta yaba aikin.

Daga Sunke zuwa Anka ba a fita yadda aka ga dama. Saboda 'yan bindiga, sai ranar kasuwa motoci ke haɗuwa su tafi a jere, su juyo kafin la'asar. Ranar buɗewa ta zo daidai da ranar kasuwa, aka ɗaure keken a saman mota. Hafiza ta sa sabuwar atamfa. Da hantsi suka iso, mutane sun cika gaban ɗakin.

Ta murza keken har gindin matakala. Ƙafar gaba ta hau gangarar daidai. Na baya biyu suka daki matakalar farko, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, keken ya tsaya cak. Ta ja baya ta sake gwadawa. Ya sake tsayawa. Surutun wurin ya ragu.

“Abu mai sauƙi,” in ji wani mutum. “Mu kama mu huɗu, da ita da keken.”

“Kar wanda ya taɓa min keke,” in ji Hafiza.

“To ke buhun gero kin fi shi nauyi ne?” ya ce, yana dariya. Ba wanda ya taya shi.

Habsu ta fara kwance mayafinta, ta juya baya ta durƙusa, kamar yadda ta yi shekara da shekaru. “Hau, ɗiyata. Taku biyar ne. Wa zai gani?”

“Kowa, Inna. Tashi don Allah.”

Malama Safiya ta sauko da sauri, fuskarta duk ta canza. Ta ce bari ta ciro faya-fayan ta kawo mata nan waje.

“Malama, ni na saƙa su. Na san su. Bango na zo gani.”

Maharazu yana cikin taron, da wankakkiyar riga, don shi ma an gayyace shi. Ya matso ya tsuguna gaban keken, ya daɗe yana kallon ƙafafun keken. Sai ya zaro kara daga dannin maƙwabta, ya gwada daga ƙafar dama zuwa ta hagu, ya karya shi daidai nan. Ya ɗora karan a kan gangararsa. Ya fi ta faɗi sau biyu da wani abu.

“Wanga laifina ne,” ya ce. “Ban taɓa auna irinai ba. Ki ba ni kwana huɗu, siminti ya sha iska.”

An nemi katako a shimfiɗa. Wanda aka samo gajere ne, ya miƙe tsaye ƙwarai, ba hannun da zai murza keke a kansa. Direba kuma ya aiko cewa da an yi azahar za a tashi.

A ƙarshe Habsu ce ta shiga ita kaɗai. Ta yi kamar minti goma. Da ta fito ta tsaya gefen keken tana ba da labari a hankali: suna bangon gabas, duka bakwai, mai shuɗin nan a tsakiya, kusa da wasu ƙore masu sassaƙa daga Gummi. Akwai takarda a ƙasa. Ita ba ta karatun boko, amma Malama ta karanta mata, sunan Hafiza ne da sunan garinsu.

“Sun karkace?”

“Ɗaya ya ɗan karkace.”

“Wanne?”

“Mai ja.”

Hafiza ta ɗaga kai ta dubi ƙofar. Daga inda take ba a ganin komai sai silin da fanka. Ta ce wa Malama a gyara mai jan, ta juya keken ta nufi tasha.

Maharazu ya cika alkawari. Ya fasa rabin matakalar, ya zuba sabuwar gangara mai faɗi, ya ja ta da tsawo har bakin kwata don kada ta yi tsaye. Da karan nan ya auna. Ya aika Sunke cewa an gama.

Saƙon ya isa, amma a makon aka tare motoci biyu a hanyar, direbobi suka daina zuwa na wani lokaci. Da suka dawo, damina ta cinye hanyar, sai mashin, kuma mashin ba ya ɗaukar keke da mai shi. Ciwon baya ma ya matsa wa Habsu, ba ta iya doguwar tafiya.

Wata takwas ke nan. Faya-fayan suna bangon gabas, an gyara mai jan. Malama Safiya ta ce wasu masu keke biyu daga cikin gari sun shiga ta sabuwar gangarar, ba wanda ya taimake su. Maharazu ya soke karan a rufin zaurensa. Duk ranar kasuwa yakan biya ta tasha ya duba saman motocin Sunke, sannan ya wuce wurin aiki.