Rikodar Kawu Ila da Faɗan Inna Hassi

Duk wanda ya taɓa shiga tashar motocin Maraɗi a Jibiya da hantsi ya ga batiran Kawu Ila a jere bisa rufin rumfa, kamar an shanya barkono. Cewa yake rana tana mayar musu da ƙarfi. Na taɓa yi masa bayani, a hankali, cewa a iya abin da na karanta ba lallai ne hakan ya zama gaskiya ba. Ya dube ni ya ce, "Mai digiri, kai da ka karanta, kana da batir?" Ba ni da shi. 

Batiran na ƙaramar rikodarsa ne, wadda yake ratayawa a wuya yana kiran fasinja, domin Kawu ɗan kamasho ne. Kaset ɗaya tak yake sakawa. Ku da kuka san shi kun san muryar matarsa ce, marigayiya Inna Hassi. Wata shekara ta yi yaji zuwa gidansu a Maraɗi, kuma da yake ba mai karatu a cikinsu, sai ta yi yadda ake yi a lokacin: ta ɗauki maganarta a kaset ta ba direba ya kawo. Gaba da baya faɗa ne zalla. Sai can ƙarshe ta ce ya zo ya ɗauke ta, kuma ya taho mata da takalminta. Bayan rasuwarta, kaset ɗin nan ne kaɗai ya rage na muryarta, ga shi zarensa kullum ƙara lalacewa yake. Abin ya dame ni ƙwarai, wataƙila fiye da yadda ya dame shi.

Da na'urar sidi ta hannu ta shigo, wani direba, Sale, ya kawo tasa yana yi wa Kawu burga. Kawu ya ce su gwada a hanya. Kafin su kai shingen duwan, wato kwastan Nijar, mota ta faɗa rami sau uku, mai wa'azin da ke cikin faifan ya maimaita kalma ɗaya har ba iyaka. Kawu ya ce, "Sale, malamin naka in'ina gare shi? Hassi ko mota ta kihe ba ta rasa inda ta tsaya!"

A shekarun farko na shari'a, in ban yi kuskure ba, wasu samari suka riƙa zagaya tasha suna yi wa masu kaset ɗin kiɗa nasiha. Ɗaya ya tsaya kan Kawu.

"Baba, mi kake saurare? In kiɗa ne, a ji tsoron Allah."

Kawu ya zare wayar kunne ya saka masa. Saurayin ya saurara, fuskarsa ta canza.

"Subhanallahi! Baba, wa ake yi wa wannan?"

"Ni."

"Kullum?"

"Kullum bayan la'asar."

"To, Allah ya ba da haƙuri, Baba."

Da ya wuce, Kawu ya ce, "Kun gani? Ko shari'a ta tausaya mani."

Bayan na gama bautar ƙasa na dawo da empitiri, ɗan abu bai kai ɗan yatsa ba. Na ce masa yana ɗaukar abin da kaset ɗari ba za su ɗauka ba, ba ya cin zare, kuma, in ya yarda, zan iya kwafe muryar Inna a ciki. Ya jujjuya shi a tafin hannu.

"Ina take zama a nan?"

"Ai ba a gani, Kawu."

"Kaset in ya tsinke ina ganin inda ya tsinke, in liƙe da jan farce. Wanga in ya mutu, ko gawa babu. Ba ni ba ka matata."

Ba na alfahari da abin da na yi daga baya. Wata Juma'a ya ba ni ajiyar rikodar ya tafi masallaci da wuri. Na shige ɗaki, na kunna ta, na kara empitiri a bakinta. Duk juyin da zaren ya yi, ina tunanin in ya tsinke a hannuna ina zan sa kaina. Na gama, na ruga, na tarar an kusa tayar da salla. Shekara biyu ban gaya wa kowa ba.

Ranar da rikodar ta cinye zaren, ta cinye shi ne gaba ɗaya. Mai gyara ya duba ya girgiza kai. Kwana uku Kawu yana zaune a rumfa bai kira fasinja ko ɗaya ba. A na huɗu na durƙusa gabansa na faɗi laifina, na miƙa masa wayar kunne. Ina jiran zagi.

Ya saurara tun daga sallama har takalmi. Ya share ido da hannun riga, ya ce, "Maido ta baya." Na danna sau ɗaya, nan take Inna ta sake somawa.

"Kai! Kai! Tsaya! Ko numfashi ba ta yi?"

"Haka yake aiki, Kawu."

"Da tawa, kafin zare ya koma farko na shirya amsata. Wanga naka bai barin mutum ya kare kansa!"

Amma bai maido mini da shi ba. Ya jefa a aljihun gaba, ya tashi yana ƙwala kiran Maraɗi saura mutum biyu. Da daminar nan ya rasu, kuma a aljihun muka sami empitirin.

Allah ya jiƙan Kawu Ila, ya jiƙan Inna Hassi, ya yafe mini ajiyar da na taɓa ba izini. Ban tabbata ko ya dace a roƙi wannan ba, amma ya Allah, in ka haɗa su a Aljanna, ka sa ta ɗan saurara ya ba da amsarsa. Amin.